Masaƙar Sallau da Ƙanensa Jatau

A ƙauyen Tsamiyar Dogo an yi wani mutum, Malam Sallau, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙin babbar mota. Da bayansa ya gaji da kujera, sai ya dawo gida, ya zaro tsohuwar masaƙar mahaifinsa daga bayan rumbu, ya kafa ta a gindin darbejiyar ƙofar gida. Shi ba don sayarwa yake saƙa ba, don nishaɗi ne kawai, sai kuma ɗan yabon masu wucewa, wanda yake so kamar ransa. Matarsa Tabawa tana cikin gida tana ɗinkin faifai. Na ukunsu shi ne ƙanensa Jatau, ƙato mai gemu har ƙirji, mai ƙarfin bijimi, amma kan nan nasa fanko ne. Duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Sallau ya gama wadarin zare, ya miƙe shi tun daga gindin darbejiya har bakin hanya, sai ya tarar gara ta cinye kunkurun masaƙar, wato katakon nan da ake ɗora wa dutse ya riƙe ƙarshen zare. Ya ce, "Jatau, je ka samo mini kunkuru, ka ɗaure zaren nan a jikinsa kafin in dawo daga masallaci." Jatau ya ce, "To, Yaya." Ya gangara fadama, ya yi ta tonon laka har ya kamo kunkuru mai rai, ya ɗaure masa zaren a ƙugu, ya ɗora masa ɗan dutse a baya. Kunkuru dai bai yi alkawarin aiki da kowa ba. Ya lallaɓa ya bi ta ƙarƙashin danga, ya ratsa turken awakin maƙwabta, zare na biye da shi yana kwasar kashi da ƙaya. Sallau ya dawo ya ga aikin da ya ɓata masa yini ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Ya dafe kai ya ce, "Kai wane irin mutum ne?" Jatau ya ce, "Ai ni ma na yi masa faɗa, Yaya. Ba ya jin magana."

Wata rana kuma, bayan an sake wadari, Sallau ya ce a ransa watakila in hannun wawan nan ya sami abin yi, gida zai huta. Ya zaunar da shi a masaƙa, ya sa masa igiyoyin takawa a yatsun ƙafa, ya danƙa masa ƙoshiyar saƙa mai ɗauke da zare. Ya ce, "In ka taka, zare zai buɗe baki. Sai ka jefa ƙoshiya." Jatau ya taka, zare ya buɗe, ya ɗaga hannu iya ƙarfinsa ya wurga ƙoshiya ta kan katanga. Can sai aka ji ƙwal, aka ji salati. Tabawa ta leƙo zaure da tabon miyar kuka a goshi, tana riƙe da ƙoshiyar da ta tsamo daga tukunya. Ta ce, "Malam, in koyarwar taka ke nan, gara ka koma tuƙi." Ranar nan gaya aka ci tuwo, ba miya.

Wata rana Sallau ya sauke ƙwaryar saƙarsa ta farko, doguwar tsiriyar farin yadi mai faɗin tafin hannu. Ya yi ta shafa ta yana murmushi, sannan ya ajiye ta a zaure. Ya ce, "Jatau, ɗauki ƙwaryar nan da ke zaure ka kai marina, a tsoma mini ita a ruwan baba in ga yadda za ta kama." Ya juya ya ci gaba da hira da abokansa. A zauren kuwa akwai ƙwaryar Tabawa mai zane, wadda ta gada wurin kakarta, cike da furar da ta dama wa maigida. Jatau ya tsallake yadin, ya ɗauki ƙwarya da furarta ya nufi marina. Marinan suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Har da furar?" Jatau ya ce, "Yaya bai ce a zubar ba." Da yake su ma 'yan neman abin dariya ne, suka tsoma masa. Ya dawo da ƙwarya shuɗiya, fura shuɗiya, hannuwa shuɗaye har gwiwa. Tabawa ta daina yi wa gidan magana har sai da Sallau ya aika aka kira yayarta ta ba ta haƙuri. Mutanen gari kuwa suka samu na yi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Malam Sallau, yaya saƙa? Yaya fura?"

Duk da haka Sallau bai fasa ba. Ƙwarya bayan ƙwarya, ya saƙa, ya kai aka haɗa, har ya samu gwado guda mai ratsin baƙi da ja, wanda ya yi niyyar kai wa 'yarsa da ta haihu a birni.

Wata rana sai ga wani baƙo cikin babbar riga mai jan ƙasa, yana ƙamshin turare. Ya ce shi daga birni yake, yana zagaya ƙauyuka yana tattara aikin hannu na gwanaye don a baje a wani babban taro. Ya ɗaga gwadon, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan hannu naka bai kamata ya ɓoye a ƙauye ba. Ba ni shi manya su gani, in dawo maka da shi da lambar yabo." Kan Sallau ya kumbura. Ya manta da 'ya, ya manta da jika. Ya shigar da baƙo zaure, ya bar shi a zaune, ya shiga ciki da kansa ya kawo masa ruwa, sannan ya naɗe gwado ya miƙa masa. Tabawa ta yi gyaran murya daga bayan ƙofa, bai ko waiwaya ba. Da baƙo ya yi sallama, Sallau ya ce, "Jatau, tashi ka taka wa baƙo."

Jatau ya bi bayan mutumin yana tunanin abin da zai taka masa. Ya dubi ƙafa, ya ga tana sauri. Ya dubi riga, ya ga tana jan ƙasa. Daidai dandalin da dattawa ke zama, ya ɗaga ƙatuwar ƙafarsa ya danne gefen rigar. Riga ta yi ƙyat, baƙo ya kife da fuska. Sai ga kaya na zubowa daga cikinta: hulunan da Maikano mai ɗinki ya shanya, agogon Liman, takalman wani ango, da wayar Sallau kansa wadda ya bari a zaure. Kafin dattawa su gama salati, baƙo ya zame daga rigar ya ranta a na kare, ya bar gwado a ƙasa.

Sallau ya iso yana haki, ya tsinci wayarsa da gwadonsa, ya kasa ɗaga ido. Liman ya kaɗe agogonsa, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Sallau, kai mai hankalin ka ba ɓarawo ruwa. Wannan ƙanen naka ka riƙe shi hannu bibbiyu."

Jatau ya matso ya tsaya ƙiƙam a gaban yayansa ya ce, "Ga ni, Yaya. Liman ya ce ka riƙe."

Sallau ya dubi taro, taro ya dube shi. Ya saɓa gwado a kafaɗa, ya kama ƙaton da hannu biyu, haka suka ratsa gari har gida, dariya na biye da su.