Baturiya Ta Cika a Bayan Ɗanbare

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau bai sauka ba, ni Ilu Direba na Soron Ɗinki nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukkan marinan Ƙofar Mata rasuwar tabilet ɗina, wadda aka fi sani da Baturiya. Ta cika jiya Asabar, tsakanin azahar da la'asar, a gaban motata, a wani layi marar suna can bayan Ɗanbare. Shekarunta shida a duniya, uku daga ciki a hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ba mutum ba ce, kada wani ya tare ni da wannan. Asara ce, kuma da asara ta samu Musulmi abin da yake faɗa ke nan.

Ga wanda bai san ni ba, shekara goma sha tara ke nan ina ɗaukar kayan Alhaji Isiyaku mai marina a 'yar a-kori-kurata. A rina, a shanya, a buge, ni kuma in kai wa mai kaya har ƙofar gida. Da wannan aikin na aurar da 'ya'ya huɗu. Yanzu rasuwar nan ta bar shi yana lilo, domin Alhaji ya ce lodin ranar Litinin shi ne gwajina na ƙarshe. Idan na sake makara, Auwalu mai Adaidaita Sahu zai karɓa. To, duk mai karantawa ya san ba kukan banza nake yi ba.

Cikin birni ba na neman jagora. A rufe mini ido a Ƙofar Na'isa, zan kai kaina gida. Amma masu sayen kayanmu sun watse, sun koma sababbin unguwannin da jiya jiya gonaki ne. Can babu gidan wane, babu masallacin wane. Katanga iri ɗaya, get iri ɗaya. Ka ce wa Hajiya ta yi maka kwatance, sai ta ce ta turo lokeshan. Ni aji uku na yi a firamare, ban taɓa ɓoyewa ba. Da 'yata Bahijja ta ga ina shan wuya, kafin ta tare a gidan mijinta a Zariya sai ta ba ni tabilet ɗin da ta yi karatu da ita. Ta ɗaura mini ita a gaban mota, ta shirya yadda duk lokeshan da aka turo zai faɗo cikinta, ta nuna mini wuri uku da zan danna. Ukun nan na riƙe har ranar da muka rabu.

Marigayiya ba ta da layin kanta. Wayata ce ke shayar da ita data, ta abin nan da ake kira hosfot. Sai na kunna a waya, na jira su gaisa, sannan ta buɗe ido.

Ina shaida cewa mai faɗin fuska ce. Hanya a jikinta kamar an zana da alli, ba sai na ƙanƙance ido ba. Ba ta da gori. Ko sau biyar na wuce kwana, ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba. Sai ta yi 'yar ƙararta, tilin, ta sake zana wata hanyar. Mutum nawa kuka sani mai wannan halin? Turancin da ban samu a makaranta ba a bakinta na tsinta. "Tan lef." "Tan rayit." Da kuma wanda na fi so, wanda take faɗa a ƙofar gidan mai kaya da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka: "Yu haf arayib." Ba ta taɓa kai ƙarata wurin Alhaji ba, duk da ta san inda nake tsayawa cin gurasa.

Ana cewa a rufa wa mamaci asiri. Ni ba zan rubuta ƙarya ba. Marigayiya ba ta san birni ba, kuma ba ta yarda ba ta sani ba. A wurinta duk abin da aka zana hanya ce. Ta taɓa tura ni wani lungu kusa da gidanmu wanda ko mai baro sai ya karkace, ni kuma da na san lungun tun ina yawo ba wando na bi ta, don in ga ko ta san abin da ban sani ba. Madubina na hagu can ya zauna. Ba ta san ana kafa rumfa a tare titi don biki ko zaman makoki ba. Ina kallon tabarmi da dattawa a gabana, ita tana cewa in miƙe. Ga rashin juriya. Da zarar kira ya shigo wayata, nonon ya yanke, sai ta sandare, kibiyarta ta tsaya wuri ɗaya tana kallona. Shekara uku ina roƙon mutane kada su kira ni ina kan hanya. Babu wanda ya ji, har da Mero matata, wadda sai na kai mararraba take tuna babu gishiri.

Ciwon ajalinta zazzaɓi ne. Tun shigowar bazara ya fara. Rana ta dake ta ta gilashi, caja na cusa mata wuta ta ƙasa, sai jikinta ya yi zafin da za a soya ƙwai. Takan dushe fuska, ta rubuto wani dogon Turanci, ta yi shiru. In na kai ta inuwa ta farfaɗo. Na ɗauka abin zai wuce da saukar damina.

Ranar Asabar aka ɗora mini ankon bikin 'yar Hajiya Bilkisu, zane arba'in, bugaggu, a ninke. Ƙarfe huɗu za a yi kamu, ƙawayen amarya suna jira su ɗaura. Aka haɗa mini da wani ƙullin zannuwa da aka tsamo daga rijiyar rini a jiƙe, in sauke a filin shanya in na dawo. Na bar marina ƙarfe ɗaya da rabi. Lokaci har ya yi yawa.

Mun wuce Ɗanbare, mun sauka daga kwalta, saura minti tara a lissafinta, sai Hajiya ta kira ta ji ina nake. Baturiya ta sandare. Na kashe, suka sake gaisawa da waya, sai Alhaji ya kira ya ji ko Hajiya ta kira. Da na ajiye na taɓa bayanta, wallahi sai da na janye hannu. Fuskarta ta fara dushewa.

A nan ne ake ta surutu, to ga yadda aka yi daga bakina. Duk wanda ya zauna a marina ya san yadda ake sanyaya gorar ruwa: a naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye inda iska ke bugawa. Haka kuma ake yi wa yaro in jikinsa ya yi zafi. Na sauka, na zaro zane ɗaya daga jiƙaƙƙun, na naɗe ta, na bar fuskar kawai. Ban matse zanen ba, don sanyin ya ratsa ta sosai. Kuma ya yi aiki, wannan shi ne abin da masu dariya ba sa faɗa. Ta yi haske. Ta yi magana tangaran, ta ce, "Tan lef." Na karya hagu. Sai na ga shuɗi yana tasowa daga wajen ramin caja, yana hawa cikin gilashin a hankali kamar yadda ruwan baban rini ke kama farin yadi. Ta yi tilin sau ɗaya. Ba ta ƙara ba.

Na tsaya a tsakiyar layi, gidaje dama da hagu, kowanne da baƙin get. Babu majalisa, babu mai shayi, babu ko tsoho ɗaya a gindin bishiya da za ka yi wa sallama. Na kira Hajiya, ta ce gida mai baƙin get ne, kusa da wani kango. Na ƙirga kango goma sha ɗaya. Ina cikin kira na uku wayar ma ta ɗauke, don shayarwa ta tsotse mata caji, cajar mota kuma bakinta na marigayiya ne, ba ya shiga waya. Na buga get bakwai. A biyu karnuka ne suka amsa.

Biyar da rabi na isa, kiɗa ne ya kai ni. An gama kamu. Ƙawayen amarya sun yi hoto kowacce da kalar da ta zo da ita. Hajiya Bilkisu ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta dubi hannuwana da suka yi shuɗi har gwiwa, ta ce, "Sannu Malam Ilu. A hanya ka tsaya ka rina su da kanka?"

Alhaji Isiyaku kuwa a gaban marina duka ya yi tasa. Ya ce shi da motar da ni duk tare muka tsufa, ba ya son ya ga ranar da zai sallame ni. Sannan ya ce, "Amma Ilu, kai da na'urarka ba ku fi mini sunan marinar nan ba. Litinin." Auwalu yana gefe yana goge Adaidaitarsa da ba ta yi datti ba.

Na kai gawar wurin Nazeer mai gyara. Ya buɗe, ya leƙa, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani, shi ma ya kira nasa. Ya ce tun da yake aiki ya ga wadda ta faɗa masai, ya ga wadda ta sha miya, bai taɓa ganin rinanniya ba. Ya ce babu abin da zai tashi.

Marigayiya ta rasu ta bar wayar da ta shayar da ita, wadda fuskarta ba ta kai tafin hannu ba, ga tsaga biyu, kuma in aka buɗe taswira a cikinta sai ta yi minti biyar tana tunani. Ta bar caja ɗaya, da mariƙinta na roba da ke nan a gaban mota hannu buɗe. Ta bar Bahijja a Zariya, wadda har yanzu ban gaya wa maganar zanen ba, kuma ina roƙon kada wani ya riga ni. Ta bar ni.

Ba za a yi mata salla ba, kada wani malami ya taso mini. Nazeer ya nemi in bar masa ita ya cire abin da zai cire, na ƙi. Za a naɗe ta a zanen da ta cika a ciki, tunda Alhaji ya ce ba zai sayu ba, a sa ta a ƙasan akwatina yau Lahadi da hantsi.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana a Soron Ɗinki daga bayan la'asar zuwa magariba. Ba za a tare titi ba. Wanda zai zo ya ce da na binne ta cikin shinkafa ta tsotse ruwan, ko da gilashin ido na saya na yi amfani da waya, ya yi zamansa a gida, na yafe masa. Auwalu ma na yafe masa.

Zaman makoki yini ɗaya ne, ba uku ba, saboda lodin Litinin. Na wata Hajiya Maimuna ne, a sabuwar unguwar da ke bayan Jaba, kuma dole ya isa kafin goma na safe. An ce gidan yana da baƙin get. Duk wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa, ba wanda ya ji labari ba, ya same ni a bakin marina ƙarfe bakwai. Kada ya turo mini komai ta waya, ya zo da kansa. Na share kujerar gaba.

Sanarwa daga Ilu Direba, a madadin iyalan marigayiya.