Ranar da Sallau Ya Kai Ɗansa Wurin Wanzami

Akwai wani abokinmu a majalisar bakin tasha, Sallau mai gyaran keke. Shi dai Allah ya zuba masa kunyar ɗan fari, irin wadda ko kakanninmu ne suka gani sai sun ce ta yi yawa. Ga shi kuma sunan mahaifinsa aka sa wa yaron, kunya ta zama biyu. Tunda aka haifi yaron nan Sallau bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ko 'yar dariyar nan da ake yi wa jariri bai taɓa yi masa ba. In yaro ya rarrafo ya dafa gwiwarsa yana washe baki, sai gogan naka ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, ya ce wa matarsa, "Ke, zo ki ɗauke yaron nan." Abin da ya fi ba ni haushi, alfahari yake yi da haka. Wai shi ne ɗan asali, mu masu goya 'ya'yanmu a kafaɗa duk mun lalace.

Yaro ya shekara biyu da 'yan watanni, baki ya buɗe. Yana kiran Umma, yana kiran akuya, ya san tuwo, ya san ruwa. Baba ne kawai babu. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. To akwai wani ɗan garuwa, Ilu, mai kai musu ruwa kullum. Da ya sauke jarkoki sai ya cilla yaron sama ya cafe, ya yi masa waƙa, ya nuna masa abu ya faɗa masa sunansa. Ran nan a ƙofar gida, ana cikin jama'a, Sallau na zaune, yaro ya wuce shi a guje ya rungume ƙafar Ilu yana ihu, "Baba! Baba!"

Mu kuwa ka san halinmu. Kullum Sallau ya zo majalisa sai wani ya ce, "Ya iyali? Baban yaro ya kawo ruwan yau kuwa?"

Abin ya ci masa rai. Sai ya yanke hukunci cewa linzami ne da yaron, wato 'yar jijiyar nan ta ƙarƙashin harshe ce ta riƙe shi, kuma sai wanzami ya yanke ta. Matarsa ta yi kuka, ta yi magiya, ta ce yaron da yake wuni yana surutu ina ya ga linzami? Sallau ya rantse sai an yanka. Ni na ɗauki yaron, tunda shi ba zai taɓa shi ba. Na bi shi ne don tausayi, amma ba zan ɓoye ba, har da son ganin ƙwaƙwaf.

Muka tarar da tsohon wanzami, Mati, yana wasa askarsa. Da yaro ya ga aska sai ya ƙanƙame wuyana, uban ko kallo bai ishe shi ba.

Mati ya ce, "Yaya sunan abokin nawa?"

Sallau ya sunkuyar da kai. "Ai... yaron nan ne."

"Na ga yaro ne. Sunansa nake tambaya."

"Mai sunan Malam ne."

Mati ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye aska. Ya karɓi yaro ya ɗora a cinya, ya yi ta masa wasa har ya saki jiki. Sannan ya nuna kazar da ke tono a gefe. "Mece ce waccan?"

"Kaza!"

Ya dafa kansa. "Wannan fa?"

"Hula!"

Sai ya nuna Sallau. "To, wane ne wannan?"

Yaro ya ƙura wa uban ido. Can sai ya haɗe gira, ya ɗaga kai sama, ya ƙara wa muryarsa kauri, ya ce, "Ke, zo ki ɗauke yaron nan."

Ni dai na toshe baki da hannun riga. Sallau kuwa ya zabura. "Ka ji ko? Ka ji da kunnenka! Komai yana faɗa ban da Baba. Don Allah, Mati, ka yanke abin nan kowa ya huta."

Mati ya miƙo mini yaro, ya ɗauki askarsa ya gwada kaifinta a babban yatsa, ya nuna wa Sallau tabarma.

"Lallai akwai mai linzami a gidan nan. Zauna, buɗe bakinka."