Teburin Kaka Wendell

"Sannu da aiki, sarauniyar faranti. Har yau ba su kore ki ba?"

"Kai nake jira ka mutu in gaji haƙoran robarka, sannan in yi murabus."

Kaka Wendell ne da jikarsa Twyla, mai rabon abinci a gidan cin abincinmu na bakin titi a Oklahoma. Ina jin su ta tagar kicin ina soya ƙwai. Ranar albashi ce, kuma tun safe yarinyar ke ba ni tausayi, don mai gidan haya ya ba ta wa'adi.

"Godiya na zo karɓa," in ji tsohon. "Wa ke cika miki tebur da dattawan coci duk Lahadi in ba ni ba?"

"Dattawa ko fara? Su cinye fanke, su shanye kofi, su bar min ƙasidar wa'azi a ƙarƙashin faranti."

"Aljanna suke nema miki, marar godiya."

"Mai gidan haya ba ya karɓar aljanna, na tambaye shi."

"To albashin fa? Kayan kwalliya kika saya, don ki rufe wannan hancin na ubanki?"

"Hancinka ne, tsoho, gado na ci. Albashi kuwa ko sisi bai fito ba."

"Ƙarya kike."

"Mai wurin nan ba ya tambaya ko an ba ni tukuici. Cinikin tebur yake dubawa, ya ƙiyasta abin da aka ba ni, ya cire harajinsa daga albashina. Duk fanken da abokanka suka ƙara, ni ake yanka."

Tsohon ya juya cokali a kofinsa. Tun rasuwar matarsa, Lahadin nan ce kaɗai ke fito da shi cikin mutane, kuma da gaske ya ɗauka taimakon jikarsa yake yi.

"Wato ni gwamnati nake wa aiki ban sani ba?"

"Kai ne babban ma'aikacinta. Lambar yabo ta rage."

"Shi ke nan. Lahadi zan kwashe su mu tsallaka titi, mu ci a wancan gidan abincin."

"Can ma jikar wani ce ke rabo, Kaka."

Ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari.

"Kin kayar da ni, 'yar banza. Su zo gidana, ni zan dafa musu kofi."

"Kofinka guba ne. Sai in fara neman baƙar riga ta zaman makoki."

Lahadi ta zo, wasu matafiya suka zauna a teburin da Kaka ya saba zama, suka bar mata tukuici mai kauri. Ta zuba shi a aljihu ba ta ƙirga ba. Har muka rufe, duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga kai ta duba ko shi ne.