Yadda Nomau Ya Jefa Akuya a Rijiya

A ƙauyen Kukar Sambo akwai wani bawan Allah da ake kira Nomau. A gidan yayansa Magaji yake zaune, yana cin tuwon matar yayan, Hansai. Ƙaƙƙarfa ne, mai fara'a, ko da kaza ba ya faɗa. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ranar da Hansai ta ce ya zauna ya sa mata ido a kan tukunyar wake, sa idon ya yi ta yi har waken ya ƙone ƙurmus, bai ko ƙifta ba. Tun daga ranar aka daina aikensa. Ko gishiri ne ya ƙare, Hansai ta gwammace ta leƙa ta katanga ta roƙi maƙwabciya, shi kuwa yana zaune a zaure yana ji. Mutane na zaton bai damu ba. Ya damu mana! Abin na cin ransa ƙwarai: ya ba shekara arba'in baya, amma ba a taɓa ba shi aiki ya kai shi ƙarshe har aka ce masa an gode ba.

Ana nan sai Tasalla, 'yar Magaji, ta zo gida daga birni, inda take karatun kwamfuta a kwaleji. Ta zo da wani ɗan wasan waya da ta haɗa da hannunta, irin wanda ake ce wa gem. Shi ne aikinta na kammala karatu. Ran Litinin ta sama za ta kai shi gaban wani malami mai tsanani, Malam Sidi, ya buga shi da kansa a gaban 'yan aji. In ya kai ƙarshe lafiya, ta ci. In wasan ya cije a hanya, sai maimaita shekara. Ƙawayenta duk sun buga sun gama cikin rabin awa, amma su masu wayo ne, hanyar da ta dace kawai suke bi. An ce mata ta nemi wanda bai taɓa riƙe irin wannan abu ba, shi ma ya gwada. Ta duba gidan kaf, idonta ya faɗa kan Nomau yana korar ƙuda.

"Baffa, aiki zan ba ka."

Nomau ya waiga bayansa, ya ga ba kowa. "Ni?"

"Kai fa. Ka ga ɗan mutumin nan mai ƙatuwar hula? Akuyarsa ce ta ɓata. Kai za ka nemo ta, ka kai ta gida."

Ta miƙa masa tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi. Ya dangwala yatsa, ɗan mutum ya taka ɗas-ɗas zuwa wurin. Ya sake dangwalawa, wata kaza da ke kwance kan makulli ta harare shi, ta ce da muryar Tasalla, "Malam, ba ka ga ina aiki ba?" Nomau ya yi dariya har ya faɗo daga kan turmi. Babu harbi, babu gudu, babu mai kora. Ka tsaya ka yi tunani, ka yi wautarka, wasan ya yi maka ba'a, kai ma ka yi masa dariya, a wuce. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa shiga garin da wauta ba ta jawo zagi ba sai yau.

Wata rana ya maƙale a ƙofar wani lambu, ya zo wurin Tasalla. Ta ce, "Baffa, duk abin da ka gani a hanya ka ɗauka. Ko ba ka san amfaninsa ba, zai yi amfani a gaba." Nomau ya ce to. Da aka idar da sallar azahar sai ya fito ya ga buta a bakin masallaci, ya ɗauka. Ya ga takalmi, ya ɗauki wari ɗaya, don a wasan ma wari ɗaya ya tsinta. Ya bi ta teburin mai shayi ya zare rariya, ya haɗa da kazar wata tsohuwa. A ƙofar gida ya tarar da tsanin masu yaɓe. Ya tuna ɗan mutumin nan har tsani yake zurawa a aljihu, shi ma ya kama ƙafar tsanin ya shiga cusawa, aljihun ya yage har gwiwa. Yana cikin haka sai ga liman da takalmi ƙafa ɗaya, jama'a na biye da shi.

"Nomau, me za ka yi da takalmina?"

"Ban sani ba tukuna, Allah gafarta malam. Sai a gaba."

Wata rana kuma ya rasa wanda zai gaya masa inda akuya ta bi. Tasalla ta ce, "Ka yi wa kowa magana. Ka yi ta tambayarsa har sai ka ji ya maimaita abin da ya faɗa, to a nan ka san maganarsa ta ƙare." Ran Nomau ya yi fari, ya ce ashe haka ake hira, shi ne ba wanda ya taɓa koya masa. Da hantsi ya nufi rumfar Buba mahauci, mutumin da ko uwar 'ya'yansa ba ta yi masa tambaya biyu a jere.

"Buba, ka ga akuya?"

"Ban gani ba."

"Buba, ka ga akuya?"

"Kurma ne kai?"

"Buba, ka ga akuya?"

"Ka ga wuƙar nan?"

Abin da Nomau bai sani ba, Buba ya gaji zagi wajen kakarsa, kuma ba ya maimaita guda. Ya zagi hular Nomau, ya zagi tafiyarsa, ya zagi ranar sunansa, ya koma kan kunnuwansa. Masu sayen nama suka manta da abin da ya kawo su, suka ja benci suka zauna. Sai da rana ta take tsaka muryar Buba ta dishe, ya ce a gajiye, "Ban gani ba." Nomau ya yi tsalle ya ce, "Yauwa, ta ƙare!" Ya dawo gida bakinsa har kunne, yana ba Tasalla labari wai mutumin nan ya fi duk na cikin waya yawan magana.

Wata rana, abin da ya fi ba shi daɗi ya faru. A cikin wasan akwai wani wanzami mai rowa da ya hana aron igiya. Tasalla ta ce, "In ka rasa yadda za ka yi, gwada kowane abu a kan kowane abu." Nomau ya gwada makulli, wanzami ya yi tsaki. Ya gwada ƙwai, wanzami ya fasa shi a kan sanƙonsa, ya miƙo igiya yana godiya. Nomau ya kasa zama don murna. Ya sunkuci ƙwai a akurkin Hansai, sai wurin Cindo wanzami, wanda ke tsakiyar yi wa mai unguwa aski. Ya ajiye masa ƙwan a tafin hannu, ya tsaya yana jira. Da ya ga Cindo ya yi sororo, sai ya ce wataƙila taimako yake so, ya karɓi ƙwan ya fasa masa a ka. Sannan ya kwance igiyar da aka ɗaure jakin Cindo da ita, ya yi gaba abinsa. Jaki ya bi gonar gyaɗa, Cindo ya bi Nomau, mai unguwa ya bi Cindo da rabin aski.

Ranar nan Magaji ya rantse sai an karɓe wayar. Nomau ya rungume ta a ƙirji, idonsa ya kawo ruwa, don saura kaɗan ya ga akuyar. Tasalla ta ba mahaifinta haƙuri, ta juyo ta ce, "Baffa, ka saurare ni da kyau. Duk abubuwan nan uku da na gaya maka, a cikin waya kaɗai ake yin su. A waje ko ɗaya kada ka yi. A ciki kuwa ka yi su duka, kada ka tsallake komai."

Wata rana, ranar Asabar ce, saura kwana biyu, Nomau na zaune gindin darbejiya sai ya saki ihun da ya watsa kaji. Ya ga akuya! Ga ta can kan rufin ɗakin wanzami tana cin wanki. Ya kafa tsani, ya ɗaura mata igiya, ya sauko da ita. Ga gidan ɗan mutum nan, taku goma ne. Duk mai hankali gida zai nufa. Amma an ce wa Nomau kada ya tsallake komai, kuma bai gwada akuyar a kan komai ba tukuna. Ya gwada ta a kan wanzami, wanzami ya ce, "Ba na aske masu ƙafa huɗu." Ya gwada ta a kan kaza, kaza ta ce, "Ba danginmu ɗaya ba." Ya ja ta zuwa bakin rijiya, ya dangwala.

Akuya ta ɓace. Ɗan mutum ya ƙame da igiya a hannu. Nomau ya dangwala nan, ya dangwala can, ba abin da ya motsa. Ya kifa wayar ya girgiza ko za ta faɗo, ya kara a kunne ko zai ji kukanta, shiru. Aiki ɗaya tak da aka taɓa ba shi, ya kawo shi har ƙofar gida, ya jefa a rijiya da hannunsa. Ya tashi ya shiga gida.

"Tasalla, na kashe miki akuya."

Ta karɓi wayar ta duba. Fuskarta ta canja, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Rijiyar! Don guga na yi ta, ashe komai aka jefa haɗiyewa take yi." Ta faɗa ɗaki ta buɗe kwamfuta. Washegari ma ba ta fito ba sai da mota ta zo, ta shiga a gurguje ta tafi. Nomau ya ce shi ke nan, ya ja wa yarinya shekara guda. Hansai ta kawo tuwo, ya ce ya ƙoshi. Ran nan ta san da gaske abin ya taɓa shi.

Ran Litinin bayan azahar wayar Magaji ta yi ƙara. Ya saurara kaɗan, ya dubi ƙanensa da mamaki, ya ce, "Kai take nema." Nomau ya karɓa da hannu biyu, yana jiran faɗa.

"Baffa! Baffa, na ci!" Tasalla ce. "Ka san abin da Malam Sidi ya yi? Yana samun akuyar, ko kallon gida bai yi ba, ya ja ta sai rijiya! Ashe haka yake kayar da ɗalibai, abin da mai hankali ba zai yi ba shi yake fara yi. Ni kuwa na riga na gyara wurin saboda kai. Sai ga akuya ta fito zaune cikin guga, ta dube shi ta ce, 'Malam, Baffa Nomau ya riga ka.' Baffa, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, sai da ya cire tabarau ya share hawaye!"

Hansai ta rangaɗa guɗa. Magaji sai gyara hula yake yi. Nomau kuwa abu ɗaya ne ya dame shi.

"Akuyar fa? Ta isa gida?"

"Ta isa, Baffa. Kai ka kai ta. Na gode."

Nomau ya so ya sake tambaya. Ya san an hana shi yin abin nan a waje. Amma ya dubi abin da ke hannunsa, ya ga ai Tasalla a cikin waya take.

"Akuyar fa? Ta isa gida?"

Tasalla ta yi dariya, ta gane. Ta ce, "Ta isa, Baffa. Kai ka kai ta. Na gode."

Ta maimaita, magana ta ƙare, Nomau ya sani sarai. Duk da haka sai da ya sake tambaya sau ɗaya.