Rasuwar Goggo, Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai na Kwandere

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban ga dalilin ɓoyewa ba, nake sanar da rasuwar Goggo, injin ƙyanƙyasar ƙwai na ƙungiyar mata masu kiwon kaji ta Kwandere, wadda nake kula da ita.

Marigayiyar ta yi rayuwarta a kan tsohuwar manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta mai suna C. Ba a ce ba ta da aibi ba. Takan daskare wani lokaci, sai an kashe ta an kunna. Amma tana da hali ɗaya na kirki: da zarar ma'aunin zafi ya daina ba ta labari, sai ka ji "ƙyat!", ta kashe hitar da ke ɗumama ƙwai, ta shiga kukan "tii, tii" har wani ya zo.

Ciwon ajalinta ya fara ne bana, lokacin da wani ƙwararre ya zo daga Abuja da albishir na sabon yaren manhaja, wanda ya ce ba ya barin ko kuskure ɗaya ya shiga ma'adanar ƙwaƙwalwar na'ura. Na roƙi kwamitin ƙungiya a gwada shi da injin babu ƙwai, a zare wayar ma'aunin zafi a ga yadda zai yi. Aka ce yaren ya riga ya gwada kansa, aka sa wa Goggo sabuwar manhaja. Aka tafa, aka sha lemo.

Ranar kasuwa, ɓera ya ci wayar ma'aunin. Sabuwar manhaja ta ga abin da ba a faɗa mata ba, ta tsaya cak cikin ladabi, ta bar hita a kunne. Goggo ta ƙone a shiru. Ƙwararren ya duba ya tabbatar mana cewa ƙwaƙwalwarta lafiya lau take. Mun gode masa.

Ta bar tire-tire na ƙwai dafaffu da 'yan tsaki a ciki. Ta bar 'yan ƙungiya Zuwairatu da Ngodoo, waɗanda ba su da abin zubawa a akurki wannan damina. Ta kuma bar kwamiti, wanda har yau yake cewa tsautsayi ne, yana shirin sa wa injinmu na Akurba wannan manhajar.

Za a binne ta da ƙwanta a rami ɗaya ranar Asabar da hantsi, bayan rumfar ƙungiya. Masu zuwa su riƙo shebur da abin rufe hanci. 'Yan kwamiti su zo haka nan. An keɓe musu sahun gaba, a bakin ramin.

Sanarwa: Muhyiddin Sha'aibu, Lafiya.