Rasuwar Salihi, Babur Mai Caji na Dogo Tebo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da kumburinsu bai sace ba har yanzu, ni Bilyamin tela na unguwar Dogo Tebo a Potiskum, a madadin iyalina, ina sanar da ’yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar babur ɗina mai caji wanda aka fi sani da Salihi. Ya cika ranar Asabar bayan azahar a kan hanyar dawowa daga Damagum, yana da wata goma sha huɗu a duniya. Ko taya ɗaya bai kai ga canzawa ba.

Marigayin ya zo mana ne a lokacin ƙunci. Tsohon babur ɗina mai shan mai ya yi shekaru a kulle a zaure saboda dokar hana hawa babur, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Da aka ɗage dokar na wanke shi tas, na yi murna, ba a daɗe ba kuma kuɗin fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Na yi ta haƙuri har haƙurin ya ƙare. Na sayar da shi, na haɗa da keken ɗinki ɗaya, aka auno mini Salihi daga Kano a cikin kwali, a saman bas.

Dole a nan in faɗi laifina, don marigayin ba shi da hannu a ciki. Ranar da ya iso, ban zarce ko’ina ba sai teburin Babakura, mai sayar da fetur a kwalabe a bakin titinmu. Shekara ashirin muna tare da Babakura. Kullum da safe a bencinsa nake shan shayi, ya zuba mini kwalba ɗaya, ya ƙara ɗan gyara, mu zagi tsadar rayuwa sannan in wuce shago. Amma ran nan sabon abu ya hau mini kai. A gaban mutane na buga sirdi na ce, “Wallahi tallahi daga yau ba zan ƙara sayen fetur ba har in koma ga Allah. Babakura, ka nemi wata sana’ar.” Aka yi ta dariya. Shi dai ya ci gaba da goge mazurarinsa. Tun daga ranar ban sake zama a bencin nan ba, sai dai in wuce ta gabansa sumul, ina ɗaga hannu ɗaya kamar mai neman ƙuri’a.

Duk wanda ya san Salihi zai shaide shi da halin kirki. Bai taɓa shan mai ba, bai taɓa neman baƙin mai ba, bai taɓa busa wa kowa hayaƙi ba. Bai san layin gidan mai ba, sai dai ya wuce yana kallon masu layi da tausayi. Ba a yi masa kiki da safe, ba a roƙonsa, ba a zaginsa. Ka murɗa makulli, ya ce “tit,” shi ke nan ya shirya. Idan yana tafiya kuwa, iyakar abin da za ka ji shi ne “siiiii,” kamar mai shayi yana tace ruwa daga nesa.

Ba za mu ɓoye ba, wannan kawaicin nasa ya jawo mana ’yan matsaloli. Awakin Dogo Tebo ba su taɓa yarda cewa abin hawa ne ba, don haka ba sa tashi daga hanya, sai na sauka na yi musu magana. Maiɗakina Hanatu, wadda a da tun daga kwanar masallaci take jin ƙarar zuwana ta ɗora ruwan shayi, ta koma ganina kawai a tsakar gida kamar aljani, sau biyu tana yar da faranti. Yashi ma ba ya shiri da shi. Buhun gero ɗaya na taɓa ɗora masa, ya yi kwana biyu yana fushi.

Babbar jarrabawarsa ita ce abinci. Salihi wuta yake ci, wuta kuwa a unguwarmu baƙuwa ce, ba ta sallama idan za ta zo, ba ta sallama idan za ta tafi. Na taɓa kai shi shagon masu cajin waya da sola, mai shagon ya dubi girman batirinsa ya roƙe ni don Allah in rufa masa asiri. Da abin ya ishe ni sai na koma ga ƙaramin janaretan gida. Janareta kuma fetur yake sha, ni kuma ga rantsuwa a wuya. Sai na yi dabara: in ba Hanatu kuɗi, ta ba ƙanenta Auwal direban Keke Napep, ya cika mana wata jarka mai ruwan ɗorawa, a shigo da ita ta ƙofar baya. A lissafina ni ban sayi komai ba. Haka muka yi wata goma sha ɗaya, ina kwana da ƙarar janareta don in wayi gari in yi wa mutane wa’azin zaman lafiya da rashin hayaƙi.

Ciwon ajali ya same shi ranar sunan ɗiyar ƙanwar Hanatu a Damagum. Ita ta bi bas tun da safe, ta ce ba ta shirya mutuwa a daji ba. Ni na ce a gaban kowa Salihi zai je ya dawo da caji ɗaya, haka wanda ya sayar mini ya faɗa. Zuwa dai mun je lafiya, aka kewaye shi ana ɗaukar hoto. A dawowa, rana tana dukan kwalta, sai na ga layukan cajinsa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ya rage gudu, ya koma tafiyar jaki, wani mai keke ya wuce mu har ya waiwayo ya yi mana sannu. Daga nan ya ce “tit, tit, tit,” sau uku, ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba.

Muna godiya ga jama’ar wani ƙauye a bakin hanya da suka kawo ɗauki. Sun yi abin da ake yi wa kowane babur: suka ce in hau, su tura, in sa giya ta biyu. Na ce ba shi da giya. Suka ce to in saki kuloci. Na ce ba shi da kuloci. Wani dattijo ya ce duk da haka a tura, bai taɓa ganin babur ɗin da ya ƙi turi ba. Majiya ƙarfi shida suka tura mu har suka fita daga iyakar ƙauyensu, sannan suka yi mini fatan alheri suka juya. Sauran turin ni kaɗai na yi, ina kallon tsofaffin babura suna tsayawa a zuba musu kwalba ɗaya su farfaɗo. A nan na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Na kira Auwal a waya, ya ce yana gareji. Bayan awa guda sai na hango hayaƙi yana tahowa, a cikin hayaƙin kuma Babakura ne a kan tsohon babur ɗinsa, da igiya a kafaɗa. Ashe Auwal ne ya faɗa masa, shi kuma ya rufe teburinsa a ranar ciniki ya taho. Ya ɗaure Salihi a bayansa, ya ja mu har Potiskum, salansarsa tana huce mini a fuska. Hayaƙin da na guje wa wata goma sha huɗu, a yammacin nan na shaƙe shi duka.

Basiru bakanike ne ya tabbatar da rasuwar. Ya nemi fulogi bai gani ba, ya nemi tanki bai gani ba, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, sannan ya tashi ya ce batirin ya kumbura, kuma kuɗin sabo ya kusa sayen wani babur ɗin. Ya cire hularsa ya yi mini gaisuwa.

Da Babakura zai kwance igiyarsa, sai na ce zan biya man da ya ƙona. Ya ce, “Haba Bilyamin, bar shi cikin gyara. Jarkar nan mai ruwan ɗorawa da Auwal yake kawowa, ai ni na ba ka ita da hannuna. Ban taɓa cika ta ban ƙara maka gyararka ba.” Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, kuma wallahi na yi kewar mutumin nan. Wannan rantsuwar dai ta gaskiya ce.

Marigayin ya bar caja ɗaya, da makulli biyu, da madubi biyu da Hanatu ta riga ta ɗauki ɗaya, da hular kwano da ba a taɓa sawa ba, da kuma janareta, wanda ya yi jinyarsa tun yana da ƙuruciya kuma yanzu ya samu hutu.

Game da jana’iza, na tuntuɓi Mallam Abdulrahim limamin unguwa. Ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kada in sake in tara masa mutane. Ya kuma ce tun ranar da kuɗina suka fara bin Auwal rantsuwata ta karye, sai in ciyar da miskinai goma. Saboda haka za a kai gawar bayan shagon Basiru ranar Talata, a jingine ta a inuwa, ko Allah zai sa batir ya yi araha. Ba a buƙatar masu turi.

Daga nan za a yi zaman karɓar gaisuwa da ƙarfe goma na safe a teburin Babakura, inda za a raba shinkafa da wake ga mutum goma da Mallam ya zaɓa. Da zarar sun wanke hannu, zan miƙa jarka da kaina, a gaban kowa, in sayi fetur, in kuma roƙi mai teburin ya yafe mini. Duk mai son yin dariya ya zo da wuri, don benci ɗaya ne, kuma Babakura ya ce gefen dama nawa ne.