Ranar da Na Kai Surukina Ta'aziyyar Mai Rai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe Malam Isiyaku da ɗan yatsana ba, kuma ko na so in manta, mutanen Daudawa ba za su bar ni ba.

Ina da ɗan shagon maganin feshi da irin shuka a bakin kasuwar Ƙanƙara. Amma da a lokacin ka tambayi abokaina sana'ata, cewa za su yi labari. Duk guruf ɗin da nake ciki a waya, na tsofaffin ɗalibai ne, na dangi ne, na 'yan kasuwa ne, ni ke fara jefa labari, kuma ba na jefawa sai na ɗora masa kai da manyan baƙaƙe: DA ƊUMI-ƊUMI. Har sunan ya bi ni. (Daɗi nake ji fa, gani nake sarauta aka naɗa min.) In wani ya riga ni sanar da abu, ranar ko tuwo ba ya min daɗi.

Malam Isiyaku aminin marigayi mahaifina ne, a Daudawa yake zaune, kuma a gabansa na yi karatu. Tun da Baba ya rasu ba ni da wani uba sai shi. Shi na roƙa ya shige min gaba wajen neman auren Rabi, 'yar Alhaji Mamman mai hatsi. In faɗi gaskiya, roƙon ma ta waya na yi shi, saƙon murya na tura wa ɗansa Nasiru ya kunna masa. Rabona da taka Daudawa kuwa, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Shi kuma Alhaji Mamman bai gama yarda da ni ba. An gaya min ya ce yaron nan kullum kansa a sunkuye kan waya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ba zai ce komai ba sai ya ga manyana. Ka ga ke nan aurena kacokan a hannun Malam yake.

Wanda bai zauna yankinmu ba ba zai gane halin sabis ɗinmu ba. Yana zuwa ne in ya ga dama, ya tafi ba sallama. A shagona wuri ɗaya yake leƙowa, jikin taga, don haka na kafa ƙusa a wurin nake rataye wayar.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Na ciro wayar daga ƙusa, sai na ga Nasiru ya ɗora bidiyo a sitatus. Na danna. Bidiyon ya tsaya a hoton farko, 'yar da'irar nan tana ta juyawa a tsakiya. Hoton kuwa Malam ne, sanye da farar babbar riga, irin hoton da ake ɗauka ranar sallah, a ƙasa an jera 'yan hannuwan nan masu addu'a. Kowa ya sani, a wajenmu ba a ɗora hoton dattijo haka kawai. Matasa su ɗora nasu, amare su ɗora nasu, amma in ka ga tsoho da farar riga a sitatus, to sai dai a ce Allah ya jiƙansa.

Na ɗaga wayar sama, na fita waje, na hau benci, da'irar nan ba ta fasa juyawa ba. Na kira Nasiru, matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunsa. Na sake kira, ta sake faɗa. Sai na ce a raina ai dole, wa zai ɗauki waya ana shirin jana'iza? Hawaye suka zubo min, na gaske, don ina son Malam. Amma (a nan ne abin kunyar yake) a ƙarƙashin hawayen akwai wata 'yar murya da ke ce min: yi sauri kada wani ya riga ka.

Na zauna na rubuta ta'aziyya mai ratsa zuciya, na ɗauki hoton na haɗa, na watsa a duk guruf ɗin da nake ciki. Sabis ɗin da ya kasa buɗe min ɗan guntun bidiyo, wallahi ko ƙiftawar ido bai yi ba ya kwashe saƙon nan ya kai. Yana gama wannan aika-aikar ya ɗauke gaba ɗaya.

Na ja ƙofar shago na rufe, ranar kasuwa guda, na nufi rumfar Alhaji Mamman. Na durƙusa na gaya masa wanda zai zo neman auren ya riga mu gidan gaskiya. Alhaji ya yi salati, ya ajiye mudun da ke hannunsa. Ashe ya san Malam tun suna samari. Ya ce ba zai yiwu a binne mutum irin wannan yana zaune yana awo ba. Nan take ya sa aka fito da motarsa, ya kira dattawa biyu daga rumfunan maƙwabta, aka sa ni a baya a tsakiyarsu. Hanya ba kyau, mota na tangal-tangal, ni kuwa ina ta ba su tarihin mamaci. Har na lura Alhaji na kallona ta madubi da wani irin tausayi, na ce a raina ko ba komai yau ya san ina da hankali.

Muna shan kwanar gidan Malam na hango tabarmi a shimfiɗe ƙofar gida, mutane zazzaune, ga takalma, ga butoci. Alhaji ya girgiza kai ya ce mun makara, an riga an kai shi. Ni kuwa sai na fashe da kuka tun kafin in fito daga mota, kuka mai sauti, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba.

Muka yi sallama, aka matsa mana muka zauna. Na ga mutane na kallona, na ɗauka tausayi ne. Alhaji, da yake shi ne babba, ya ɗaga hannu ya nemi a yi wa Annabi salati. Kowa ya ɗaga hannu aka yi. Sannan ya gyara murya.

"A karanta Ƙulhuwallahu, Allah shi kai ladan kabarin Malam Isiyaku."

Hannuwa suka tsaya a sama, ba wanda ya shafa. Wani tsoho kusa da ni ya buɗe baki ya kasa rufewa. Sai daga cikin zaure wata murya da na sani tun ina ƙarami ta fito a hankali.

"Wane Isiyakun?"

Na ɗaga kai. Ga Malam tsaye a bakin zaure, Nasiru na riƙe da hannunsa, sanye da wani ƙaton baƙin tabarau. Jama'a, ban san lokacin da na miƙe na ja da baya na taka butar wani ba. Tsakani da Allah, abin da ya fara zuwa kaina shi ne: yaushe aka fara binne mutane da tabarau?

Daidai wannan lokacin, sabis ɗin da ya ɓace tun hantsi ya ga dama ya dawo. Wayata ta kama kuka a aljihu, saƙo kan saƙo, kamar an taɓa gidan rina. Na ciro ta da sauri don in kashe, yatsana ya faɗa kan bidiyon nan. Da'irar ta juya sau ɗaya, ta buɗe tas. Muryar Nasiru ta cika wurin, cike da murna, yana cewa alhamdu lillahi an yi wa Baba aikin ido an yi nasara, ya dawo gida, masu son yi masa barka ƙofa a buɗe take.

Ashe taron barka muka tarar. Wayar Nasiru kuwa tana wurin mai caji tun safe, shi ya sa ba wanda ya ji komai a gidan.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga mashin ya tsaya da ƙarfi, wata mata ta diro tana kururuwa, mayafi na jan ƙasa. Hajara ce, babbar 'yar Malam da ke aure a Damari. Can sabis ƙalau yake ranar, mijinta ya ga saƙona a wani guruf da muke ciki tare. Ta yi ido huɗu da mahaifinta, ta ƙame, sai ta sulale ta zauna a ƙasa. Mata suka fito suka kama ta aka yi ciki da ita. Wannan kam ba abin dariya ba ne, har yau in na tuna fuskarta sai in ji kamar in nutse.

Nasiru ya karɓi wayar daga hannuna ya duba, ya raɗa wa Malam wani abu a kunne. Malam ya sa aka kawo masa kujera ya zauna. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ba kowa Allah ke ba ikon jin ta'aziyyarsa da kunnensa ba, don haka in tashi in karanta abin da na rubuta, da ƙarfi, kowa ya ji.

Na tashi. Na karanta DA ƊUMI-ƊUMI, wasu suka fara tari. Na karanta cewa an yi rashin bango majingina. Na zo inda na rubuta cewa uba ne a gare ni, wanda ba na iya cika mako ban je na durƙusa gabansa na gaishe shi ba. A nan na dakata.

Malam ya zare tabarau a hankali, ya dube ni da sabon idonsa.

"Allah Sarki. Ashe kullum kana tahowa, ɗana. Ka yahe mani, makanta ce ta hana ni ganinka."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Ban iya kallon inda Alhaji Mamman yake ba. Na riga na sallama Rabi a zuciyata, har na fara tunanin garin da zan koma da shagona.

Sai na ji Malam ya juya yana gaisawa da Alhaji, suna tuna zamanin samartaka. Can ya nuna ni da sandarsa ya ce yaron wanga wawa ne, wannan ba gardama, amma wawan da ya rufe shago ranar kasuwa ya taho yana kuka saboda tsoho bai lalace duka ba. Ya ce zai zo Ƙanƙara da ƙafarsa neman auren nan, ko don mutanen kasuwa su tabbatar yana raye. Alhaji ya ce Allah ya kawo shi lafiya, amma da sharaɗi guda: duk abin da aka yanke, ba ni zan sanar ba.

A hanyar komawa, motoci biyu muka yi kiciɓis da su cike da masu zuwa ta'aziyya, kuma kowace sai Alhaji ya sa a tsaya, ya ce in fita in yi musu bayani da bakina.

An yi auren. Yanzu duk Juma'a ina Daudawa, kuma da na yi sallama Malam zai ce a shimfiɗa wa mai ta'aziyya tabarma. Na koyi cewa in da'irar nan tana juyawa, to ni ma in zauna in jira ta, don gara a riga ni labari da in riga Mala'ikan mutuwa. Sai dai tabo ba ya gogewa da wuri. Ranar da Rabi ta haihu, da hannuna na rubuta a guruf ɗin dangi cewa an samu ɗa namiji. Ba wanda ya ce barka. Can sai ga amsar Alhaji Mamman: "Bari mu aika a gano."